Ɗanjimma Ya Samu Takarda

Daren Alhamis, watan Rajab, Ƙofar Rini

Ɗanjimma, ɗan garinmu, ya samu takarda, ni ban samu ba. Tare muka baro Ƙonni gudun aikin dolen Faransi, kuma ni na koya mishi riƙon wuƙa.

Yau muka je gaban Bature neman izinin aikin fatu, tunda wai yanzu baƙi ne mu a Sakkwato, garin da aka haifi innata. Tafinta ya tambaye ni ko na iya fiɗa. Ɗan halak zai yabi kansa cikin mutane? Na sunkuyar da kai na ce, "Ana taɓawa kaɗan-kaɗan." Bature ya yi min nuni in matsa gefe. Da aka zo kan Ɗanjimma, ko kunyar idona bai ji ba, ya ce, "Duk garin nan babu kamar ni." Mutumin da har gobe yake huda fatar akuya. Nan take aka buga mishi hatimi.

Na yi mishi barka. Allah Ya raba ni da hassada.

Da magariba Ɗanjimma ya shigo yana murmushi, takardar cikin hularsa. Ya ce, "Yaya, kwantar da hankalinka, gobe ka zo ka riƙa riƙe min ƙafar akuya."

Sannan ya ari wuƙata.