Guntuwar Bindigar Baba Ndaman

Kuta, 9 ga Maris, 2003

Yaya Zikrullahi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Anti Rukayat da yara, da fatan kuna lafiya. Mu nan ba lafiya ba.

An kama Baba. Ranar kasuwa ya shiga gandun dajin gwamnati neman sassaƙen magani kamar yadda ya saba, 'yan sanda masu sintirin 'yan fashi suka tare shi, suka laluba shi, suka zaro bindiga daga ƙarƙashin rigarsa. Ya nuna musu takardarta, suka yi dariya. Suka ce takarda ta doguwar bindigar maharba ce, wannan kuwa guntuwa ce irin ta masu tare hanya. A bayan mota aka wuce da shi ta tsakiyar kasuwa, ko hula babu. Mutanen da yake ba maganin ciwon shawara suna tsaye suna kallo.

Na san bindigar nan tun ina rarrafe. Na kuma tuna ranar da ka naɗe ta a tabarma ka tafi da ita Minna, ka ce gyara za a yi mata. Ashe gyaran gangar Auzinawa ne. Kai ne ma'aikacin gandun daji, kai ka san doka, sai ka faɗa min abin da ake ciki. Direban da ya kawo maka wasiƙar nan, Kudu, zai jira amsa.

Ƙanwarka,
Rashidatu

Sauka Kahuta, Minna, 11 ga Maris, 2003

Zuwa ga ƙanwata Rashidatu,

Wa'alaikumus salam. Bayan gaisuwa da jajen abin da ya same mu, na karanta wasiƙarki, kuma tun lokacin abinci bai shiga cikina ba.

Bari in yi miki bayani. Takardar Baba ta ba shi izinin mallakar bindiga, ba ta ba shi izinin shiga gandu da ita ba. A da ba a tsanantawa, amma sabon oganmu ya ce duk wanda aka gani da bindiga a ƙwace, a kawo sunansa ofis. Na roƙi Baba ya riƙa barinta a gida, ya ce dajin da ɓarayin shanu suka mayar wurin kwana ba ya shigarsa hannu sake. Ni kuma kunya nake gudu, kada a ce uban ma'aikaci aka kama. Shi ne na kai ta wurin wani mai walda a unguwarmu, ya rage mata baki da gindi yadda za ta ɓuya cikin riga. Da na kai wa Baba ya daɗe yana juya ta, ya ce, "Ka mayar min da ita wuƙa." Na ce, "Baba, a ɓoye dai ya fi." Ya karɓa don ni ne ɗan da ya yi makaranta.

Jiya na ga wata lauya, Barista Helen. Ta ce da a kafaɗa aka same shi da ita da tsawonta, da ƙwacewa ce da 'yar tara. Yankewar da ɓoyewar su suka mayar da maganar babba. Ni na yi duka biyun, Rashidatu, garin neman gira na rasa ido.

In na fito na faɗa, aikina ya tafi, wataƙila a haɗa da ni a rufe. Ki ba ni lokaci in ga yadda za a yi. Ki gaishe da Mama, kada ki gaya mata tukuna.

Yayanki,
Zikrullahi Ndaman

Kuta, 20 ga Maris, 2003

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Mama tana amsawa, ban gaya mata ba, amma ba yarinya ba ce.

Na je na ga Baba a inda ake tsare da shi. Ya rame. Na ce masa ka rubuto min komai. Ya ce, "Wane komai? Ni na yanke abata da hannuna." Na ce, "Baba, da wane zarto? Kai da ko ƙusa ba ka bari ta taɓa ta?" Ya ce in yi shiru, bango yana da kunne.

Daga nan na wuce gidan Baba Gabriel, shugaban maharba, abokinsa tun zuwanmu daga Bida, don ya zo ya tsaya masa. Ya ba ni ruwa, ya ba ni kujera, amma ya ƙi. Ya ce, "'Yata, maharbi a kafaɗa yake rataya bindiga, don wanda ya hango shi a daji ya san ko wane ne, hankalinsa ya kwanta. Mai sa ta cikin riga akwai abin da yake nufi. In na tsaya wa Ndaman, gobe me zan ce wa yaranmu?" Ya ce in kotu ta gama nata, maharba za su yi nasu zaman. In dai shi ya yanke ta da ra'ayinsa, za su karɓe rigarsa ta maharba, ba zai sake shiga daji da su ba. Yana faɗa hawaye na zubo masa.

Ka gane ko? Gidan yari Baba zai iya jurewa. A cire masa rigar nan a gaban sa'o'insa ne ban san yadda zai yi ba. Kalma ɗaya daga bakinka ta isa. Lokacin da ka nema, har yanzu bai yi ba?

Rashidatu

Minna, 16 ga Afrilu, 2003

Ƙanwata,

Ina gaisuwa. Kin gan ni a kotu, na ga kin gan ni, shi ya sa ban tsaya ba.

Da niyyar magana na je, wallahi. Amma da alƙali ya tambayi Baba wanda ya yanke bindigar, ya ce, "Ni ne, ranka ya daɗe, tsufa ne ya sa ta yi min nauyi," sai na fasa tashi, na ci gaba da zama. Na gode Allah da Barista Helen ta roƙa aka duba shekarunsa, aka ƙwace bindigar aka sallame shi. A bakin ƙofa ya wuce ta gabana, akwai mutanen ofishinmu a wurin, ya ce min, "Sannu, malam," kamar bai taɓa ganina ba. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar ranar ba.

Na gaya wa Rukayat komai, ta yi kuka, ta ce in yi abin da ya dace. Na ji zaman maharba Lahadi ne. Zan zo in tsaya gaban Baba Gabriel in faɗi gaskiya, labari ya kai ofis in zai kai. Ki gaya wa Baba ina tafe, ya yafe min.

Yayanki mai laifi,
Zikrullahi

Kuta, 18 ga Afrilu, 2003

Yaya,

Sallama. Kada ka wahalar da kanka da zuwa.

Na karanta wa Baba wasiƙarka, da na sani ban karanta ba. Ina gamawa sai ya aika aka tara maharba yau bayan Juma'a, ya ce ba zai jira Lahadi ba. Ya tsaya gabansu ya ce shi ya yanke, shi ya ɓoye, babu wanda ya sa shi. Da kansa ya cire rigar ya miƙa wa Baba Gabriel, ya dawo gida da singileti.

Yana gaishe ka da yara. Ya ce in gaya maka ka riƙe aikinka da hannu biyu. Ni ma abin da zan ce ke nan, Yaya. Ka riƙe shi da kyau, da sunan Baba aka saya maka shi.

Ka huta lafiya.
Rashidatu