Tulin Tsingaron Gonar Kufai

Zuwa ga Yaya Juwairiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam Abdulmuttalib da yara, kuma ruwan Fatakwal bai hana ku sakat ba. Mu nan Toranke lafiya lau. Ƙafar Inna Gaji ta yi sauƙi, har tana leƙa maƙwabta da kanta. Allah ya ƙara mana lafiya baki ɗaya.

Yaya, abin da ke cina ne ya sa na ɗauki biro. Kin san gonar kufai da aka raba tsakanina da Sagiru ɗan Baffa Hadi. Shekara ashirin ina tsince tsingaro da kashin maƙera daga ɓangarena don kada su dakushe mini garma, ina jibge su a kan iyaka. Shi kuwa malalacin ko ɗaya bai taɓa ɗagawa ba. To bana sai ga malaman jami'a masu tonon kayan tarihi, wai suna neman inda mutanen dauri suka yi ƙira, kuma sunan mai wurin zai shiga littafinsu. Suka zagaya, suka zagaya, suka kafa igiyoyinsu a gonar Sagiru! Yanzu shi ne mai ba da labarin kakanninmu, mutumin da kullum barci yake yi idan Kaka ta fara labari. Har gaban mota suke sa shi zuwa Gaya. Wallahi idan ya wuce yana ɗaga mini hannu, sai in sunkuya kan garma kamar ban gan shi ba.

Da na kasa daurewa, sai na ja shugabarsu, Dakta Muhsina, har gindin tulin nan, na ce duk daga gonata ya fito, da hannuna na kwashe. Ina jiran yabo, baiwar Allah ta dafe kai. Ta ce abin da aka raba da mazauninsa ba ya gaya musu komai, gonar Sagiru ta yi daraja ne don ba a kwashe komai ba. Duk da haka ta tambayi cikakken sunana ta rubuta, har na fara murna. Jiya na matsa ta karanta mini. Na shiga littafin, Yaya: ni ne manomin da ya hargitsa rabin kufan.

Ki gaida Malam, da Mudassir da Adawiyya. Don Allah kada ki kira Sagiru ki yi masa murna. In ma kin kira, kada in ji.

Ƙaninki,
Gwadabe