Hotonka da Na Ɓata

Malam Isa,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ni ma da na sa aka rubuta ta ban iya karantawa ba, to mun yi daidai.

Unguwar Asata tana nan yadda ka bar ta. Shagonka na hoto an ba wani mai gyaran waya. Farar lemar nan da kake kafa wa fitila don haske ya yi laushi, Mama Ngozi mai sayar da okpa, alalar gurjiyar nan, ita ke tare rana da ita. Ban hana ta ba, ai ba tawa ba ce.

Hulunan da nake sayarwa kuwa, yanzu a inuwa nake ɗaukar hotonsu, bisa farin ƙyalle, da farin kwali a gefe yana mayar da haske. Zare yana fitowa ɗaya-ɗaya, har daga Anacha ake aikowa a saya. Shekara nawa kana gaya mini haka? Amma a gaban mutane kake faɗa, kana dariya, shi ya sa na ƙi. Kuma har yau ban ce ka kyauta ba.

Ga dalilin takardar. 'Yarka Hadiza ta bugo daga Fatakwal, tana son hoton babanta ta rataye a ɗaki. An zazzage akwatunanka kaf. Angwaye, jarirai, masu fasfo, rabin Inugu na ciki, kai ba ka ciki. Wane irin mai hoto ne wannan? Ɗaya tak aka samu, wanda na ɗauke ka da wayata ana saura kwana tara ka rasu. Kana zaune a bakin taga, rana na bayanka. Ka ce in juya kujerar, hasken ya sauka a gefen fuskarka. Na ce ko kana ciwo ma sai ka koya mini. Na danna abina. Hula ta fito, kafaɗa ta fito, fuska baƙi ƙirin. An kai wa masu kwamfuta, sun ce babu abin da za su iya tonowa.

Na ce wa Hadiza wayar ce ba ta da kyau. Ƙarya na yi, Isa. Me zai rage ni da na juya kujera?

Jibi zan hau mota in kai mata shi da hannuna, in gaya mata yadda aka yi. In ta ga dama ta daina ce mini Baba, tana da gaskiya.

Ka yafe mini. Allah Ya ji ƙanka, Ya sa ka huta.

Naka,
Garba mai hula, kasuwar Ogbete, Inugu