Gizaka a Cikin Ƙwarya

Cheras, Kuala Lumpur
Yuli, 2020

Zuwa ga Gwaggo Ramatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Allah ya tsare mana ku daga wannan annoba. Ni lafiyata ƙalau, sai dai na kasa zama wuri ɗaya.

Gwaggo, jirgin da zai kwaso ’yan Najeriya zai tashi ranar Asabar, kuma sunana ya fito. Umma har ta sa an share ɗakina. Ni kuwa ba zan hau ba, kuma na kasa gaya mata.

Kin san a kan ƙwari na yi digirina. Kafin a kulle gari na samo ƙwayayen wani malam-buɗe-littafi mai tashi da dare, toka-toka, mai baƙin zane kamar wuƙa a fiffike. Da aka rufe makaranta na taho da su gida, suka ƙyanƙyashe suka zama gizaka. Guda tara ne, shida suka mutu. Irinsu idan sun ƙoshi sai su nemi ruɓaɓɓen itace, su tauna, su haɗa da gashin jikinsu su yi gidan da za su rikiɗa a ciki. A bene hawa na sha huɗu ina zan ga itace? Na ba su kwali suka ƙi. Sai na fasa ƙwaryar furar da kika ba ni, na jiƙa ta, suka karɓa. Ki yi haƙuri.

Yanzu suna ciki shiru. Malamina ya ce sai ya ga fiffiken babban kafin a tabbatar da jinsinsu, kuma da wannan sakamakon zai nemar mini gurbin digiri na uku. Ba a tsallaka ƙasa da ƙwaro mai rai ba izini. Fatihu, abokin zamana, ya ce bai taɓa ganin ungozomar tsutsa ba sai ni, ko tapau, wato abincin ƙunshi, ya sayo mana a tsaye nake ci. Na roƙe shi ya kula da su, ya ce gashinsu ya taɓa sa masa ƙaiƙayi, ba zai ƙara ba.

Ba zan yi miki alkawari ba. Za su iya fitowa cikin makonni, za su iya daɗewa, kuma wani lokaci ɗan zanzaro ne ke fitowa, ya riga ya cinye gizakar tun a ciki. Ban kuma san ranar wani jirgin ba. Duk da haka jiya na bar wa Larai kujerata, wata ɗaliba mai tsohon ciki.

Don Allah ki je wurin Umma da kanki, kada ki gaya mata ta waya. Ki bari ta sha maganin hawan jininta tukuna. In ta yi faɗa ki ce ta kira ni, zan ɗauka.

Ki gaida Kawu Bala da Hadijatu da yara.

Ɗanki,
Zahraddeen