Ɗiyar Wana Ta San Hayaƙi Ke Cutar da Inna, Ta Yi Shiru

Assalamu alaikum 'yan gidan nan, admin a ɓoye sunana. Ku matso ku ji, don Allah ku ba ni shawara, abin ya dame ni.

Ni a Kalgo nake aure, ina da injin markaɗe a zaure, ɗakin mahaifiyata Inna na jikinsa. Ɗiyar wana daga Gwandu, wadda na goya da bayana, tana karatun jami'a, ta zo ta ce Gwaggo zan zauna wurinki in auna iska. Na yi dariya na ce yanzu har iska ake sa wa mudu? Kullum ta ɗauki ɗan famfo ta cika wasu ledoji masu ƙyalli, a tasha, a bakin titi, a gidanmu, ta kai makaranta. Wai tana neman gubar hayaƙin fetur da gas, kabon monoksaid, marar wari marar launi. Ni ke dafa mata, ni ke riƙe mata ledar ma.

Duk watanni ukun da ta yi a wurinmu Inna na fama da ciwon kai da jiri, ta wuni kwance, mun sha magani, mun yi rubutu, har na fara zargin maƙwabciya, Allah ya yafe mini.

Ranar Laraba da hantsi ina tsintar shinkafa bayan taga, sai na ji ta a waya da ƙawarta. Ban yi boko ba amma kunnena ba ya kuskure. Ta ce tun makon farko ta ga awon ɗakin kaka ya fi na tasha muni, amma in ta faɗa za mu janye injin, sauran awon ya lalace. Har da 'yar dariya. Kakarta fa, wadda ta yi mata wankan jariri.

Ranar na sa aka fitar da injin bakin garka, kwana huɗu Inna ta tashi tana neman goronta. Da na tare yarinyar ta yi ta kuka, wai ba ta zaci ya kai haka ba, jira take ta gama ta faɗa. Wana ya kira ya ce yarinta ce, ai aikin nata ne ma ya nuna mana cutar. Wannan gaskiya ne, shi ya fi ƙona mini rai.

Yanzu ta kawo takarda in dangwala, cewa da yardata aka yi awon gidana, in babu ita aikin ba zai karɓu ba, sai ta maimaita shekara. Inna ba ta san komai ba, jiya ma ta ce in dangwala wa jikarta mana, me nake jira.

Takardar na ƙarƙashin tabarmata. In ku ne, za ku dangwala, ko sai ta durƙusa gaban Inna ta faɗa da bakinta?