Sun ce mahaifiyata ta zo ta tsallake matar maƙwabcinmu

Daga admin: Wani bawan Allah daga ƙasar Goronyo ya turo wannan saƙo da ajami, ya ɗauki hoton takardun. Na juya shi zuwa boko yadda ya rubuta. Ya roƙi a ɓoye sunansa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah, jama'ar wannan zaure. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon bayanina, ban iya taƙaita magana ba. Sunayen da zan ambata duk na sauya su.

Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da madatsar ruwa, ina albasa da rani, da safe kuma ina koya wa yara karatun allo. Mahaifiyata, Inna, tana gidana tun rasuwar mahaifinmu. Ta tsufa amma hankalinta garau yake, salla ba ta wuce ta, daddawarta kuwa har daga Taloka ake aikowa a saya. Asalinmu ba nan ba ne. Garinmu na da yana can gangare, shekarar da ruwa ya yi yawa ya cinye shi, muka hauro tudu da abin da muka iya ɗauka. Maƙwabcina Mamman, masunci, shi ya ɗauko Inna a kwalekwalensa ranar. Ku riƙe wannan, don kada ku ɗauka mugu ne.

Bara ƙanena Sanusi, mai kai albasa kudu, ya kawo wa Inna sola da ƙaramin talabijin, da memori cike da finafinan da aka fassara da Hausa, wai ta riƙa ɗebe kewa. A ciki akwai wani mai kashi-kashi. Labarin wani gida ne a ƙarƙashin dutse, wani tsohon likita yana riƙe da shi da injuna iri-iri, yana tattara halittun da mutane ke kora suna farauta. Akwai wani mai gashi ko'ina kamar gwaggon biri amma yana magana, akwai mace da ke zaune cikin ruwa bayan gilashi, akwai wanda ke zama hayaƙi idan ya ji tsoro. Likitan yana ba kowa ɗaki da abinci da magani. Mai fassarar kuma, Allah ya shirye shi, duk ya kira su aljanu da dodanni.

Inna ba ta taɓa kallon fim ba a rayuwarta. Na zaunar da ita na ce mata wannan duk haɗi ne, mutane ne suka sa kaya, saura kwamfuta ta zana. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Malam, aljani ƙarya ne?" Haka take kirana, ba ta faɗin sunana don ni ne ɗan fari. Na ce a'a, sura guda aka saukar da sunansu. Ta ce, "To waɗanda ke cikin tsamiyar garinmu, da ruwa ya ci ta, ina sunka koma? Mu mun samu tudu. Su wa ya ba su?" Na yi dariya na tashi. Da na san inda abin zai kai da ban yi dariya ba.

Akwai ɗakin marigayi mahaifinmu, ƙofarsa tana kallon lungu, a rufe yake tun rasuwarsa. Rannan na dawo daga fadama na tarar ta share shi, ta shimfiɗa tabarma, ta ajiye tulun ruwa da ƙwaryar fura. Kun san da magariba kowa rufe ƙofa yake yi, a kira yara ciki. Ita a daidai lokacin take buɗe wannan ƙofa, ta ce duk bawan Allah da ba shi da wurin kwana, bisimilla. Na yi mata nasiha, na ce ba a gayyatar abin da ba a sani ba. Ta ce ita ba ta roƙe su komai ba, ba ta yanka musu ko ɗan tsako ba, masauki kawai ta bayar, mi ne laifin masauki? Furar kuwa da safe takan ragu. Wata rana na ga sawun kyanwa, na ji sanyi a raina. Wata rana ban ga sawun komai ba. Ba na cewa komai a kan wannan, Allah ne masani, amma tun daga lokacin ba na wuce ƙofar nan sai da addu'a a bakina.

Abin ya fita gari ne a wurin wani suna. Inna ta miƙe da wuri ta ce bari ta koma, baƙinta na jira. Mata suka tambaya waɗanne baƙi, ta ce waɗanda ba a gani. Aka yi dariya a wurin. Amma bayan nan aka daina aiko yara sayen daddawa, mace in ta hango ta sai ta gyara goyo ta sauya hanya.

Mutum ɗaya ce ba ta daina zuwa ba, Hajara, matar Mamman. Yarinya ce daga wajen Rabah, danginta suna nesa, ta riƙi Inna kamar uwa. Kullum da hantsi sai ta shigo ta taya ta aikin kalwa, su zauna su kalli kashi ɗaya, Hajara tana rufe ido in mai gashin nan ya fito, Inna tana mata tsiya wai matar masunci da tsoro.

Makon nan zazzaɓi ya kama Hajara, mai zafi, irin wanda muka saba da shi lokacin sauro. Ya hau mata kai, ta fara sambatu. Abin da take ta maimaitawa shi ne, "Inna, rufe ƙofa, mai gashin nan ya fito." Uwar mijinta na zaune a gefenta ta ji da kunnenta. Ni na san abin da yarinyar nan take gani, na akwatin talabijin ne. Su kuwa abin da suka ji, mara lafiya ta kama sunan tsohuwar da ke buɗe wa waɗanda ba a gani ƙofa. Kafin azahar gari ya ɗauka Inna mayya ce, ta kama kurwar Hajara.

Ga waɗanda ba su san al'adar ba, a nan in aka zargi mutum da maita, kawo shi ake yi ya tsallake mara lafiyan a gaban jama'a, wai ta haka yake sakin kurwar. Jiya aka kira ni zauren mai unguwa. Baffannin Mamman suka ce abin da suke so ke nan, ba za su taɓa ta ba, ta tsallake kawai. Liman ya ce wannan ba shi da asali a addini, zato ne, zato kuwa zunubi ne, aka bar shi ya gama aka ci gaba kamar bai yi magana ba. Na ce a kai yarinyar asibiti Goronyo, ni zan nemo mota. Suka ce wanda aka kama kurwarsa in aka yi masa allura ƙarasa shi ake yi, sai an tsallake tukuna. Na ce to su zo su kalli fim ɗin su ga mai gashin da idonsu. Wani dattijo ya ce ashe har akwatin koyon kiwonsu muka saya mata. Da za mu tashi, Mamman ya riƙe hannuna yana hawaye, ya ce, "Malam, ni na ɗauko ta cikin ruwa. Ta taimake ni ita ma." Mai unguwa ya ba ni zuwa gobe bayan sallar Juma'a.

Abin da ke hana ni barci shi ne, na ga an yi wannan ina yaro. Wata tsohuwa ta tsallake wani yaro, yaron ya warke, kuma warkewar ce ta zama shaida a kanta. Daga ranar ba wanda ya ƙara cin abin hannunta, jikokinta mata sai da aka kai su nesa suka sami miji, ranar da ta rasu da ƙyar aka sami masu wanka. To in Inna ta tsallake, aka kai Hajara asibiti ta warke, Inna ta tabbata mayya, da ita da mu da ta shayar, har abin ya shafi 'ya'yana mata, don an ce a nono ake sha. In Hajara ta cika, Allah ya kiyaye, an ce ta ƙi saki. In na hana ta zuwa, yarinya na kwance ba magani, jiki na ƙara zafi, kuma yau da la'asar samari sun jefi kwanon ɗakin Inna da duwatsu har sun fasa solar. Ƙanwata da ke aure a Wurno ta ce in kawo ta can kafin gari ya waye, amma gudu a wurinsu amsa laifi ne, matata da yara kuma a nan zan bar su. Sanusi yana hanya, ya ce in kira 'yan sanda. Su zo su tafi, mu kuma da wa za mu zauna?

Ita Inna da na faɗa mata, ba ta yi kuka ba. Ta ce in dai shi ne zai sa a kai ɗiyar mutane asibiti, ƙafa ce kawai za ta ɗaga, mi ya rage mata a duniya? Na ce Inna, sunanki fa. Ta juya tana kallon akwatin da ya mutu. Can ta ce, "Malam, wanga gida na ƙarƙashin dutse, wace ƙasa yake? Suna karɓar tsofaffi?"

Jama'a, malamai da likitocin da ke cikin zauren nan, da duk wanda ya taɓa ganin irin wannan a garinsu, mi zan yi? In riƙe hannun uwata in kai ta ta tsallake don a ceci Hajara, ko in tsaya a ƙofa in hana? Akwai wata hanya da ban gani ba? Lokacin da aka ba ni gobe ne, kuma yanzu da nake rufe takardar nan ana kiran magariba, ina jin ta tana jan ƙofar ɗakin nan tana buɗewa.