Waken Ingila a Demsawo

Demsawo, Jimeta
Yuli, 1968

Zuwa ga maigidana Malam Hayatu,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Yaya karatu, yaya baƙunta? Mahaifiyarka Dada tana gaishe ka, ta ce kada agogon Turawa ya sa ka sake da salla.

Takardarka ta iso. Na yi dariya har da riƙe ciki da na zo inda ka ce kullum da safe matar da kake haya a gidanta tana fasa gwangwani, ta juye maka wake mai zaƙi a kan gasasshen burodi. Kai da ko ƙosai ne sai ka leƙa ka ga babu Bafulatanin da ke wucewa kafin ka kai baki! Ashe sai ka haye teku za ka ci wake a gaban jama'a. Wake da sukari kuwa, Allah ya kyauta.

Na fara da dariya ne don kada gabanka ya faɗi. 'Yarka Hansai ta yi ƙyanda. Ƙurajen sun bushe, zazzaɓin ya sauka, mun gode Allah. Sai dai ta ƙi abinci. Koko take kurɓa kaɗan ta kau da kai. Ƙosan nan na bakin tasha da take bin ka a kansa, na sayo da zafinsa, ko kallonsa ba ta yi ba. Yarinyar da ba ta cika shekara huɗu ba, yanzu in na goya ta sai in riƙa taɓa bayana in ji ko tana nan. Ka sa ta a addu'a.

Taka,
Talatu


Demsawo, Jimeta
Agusta, 1968

Maigida,

Ina gaishe ka, ina fatan kana lafiya. Mu dai ba lafiya ba, kuma ba zan ɓoye maka ba.

Ƙafafun Hansai sun kumbura. In na danna da yatsa sai wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Gashinta ya yi ja ya yi laushi kamar gemun masara. Na kai ta asibiti. Sista Keturah, Babachamiyar nan da ta karɓi haihuwarta, ta dube ta, ta ja ni gefe ta ce wannan ba ciwon allura ba ne, yunwa ce ke cin jikin. Ta ce wake, gyaɗa, ƙwai, madara, ko ta yaya a samu ya shiga cikinta, in ba haka ba kada in ce ba ta gaya mini ba. A hanya na zauna gindin wata bishiya na yi kuka har ya ishe ni.

Dada ta ce baki ne. Ta taho daga Yola da rubutu da kindirmo, ta ce ɗan Fulani da nono ake ta da shi, wake sai dai ya ƙara kumbura ta. Ban yi mata musu ba, ka san ba zan iya ba. Rubutun ta sha. Nonon ta tura shi da ƙafa.

Babu irin waken da ban ɗora a wuta ba. Maƙwabciyarmu Bayarabiya ta turara mana alala a ganye. Matar Alhaji Nata'ala da ta zauna a Sudan kan hanyar Makka ta dafa irin na can, wanda suke karya kumallo da shi, ta murje shi da mai da lemun tsami. Na yi ɗanwake, na yi fate. Duk kajin gidan nan ne suka yi ƙiba.

Ran nan na rasa abin yi, na ɗauko takardarka ina karanta mata. Da na zo kan waken nan naka sai ta buɗe ido, ta ce abincin Baba take so. Ko mayafin kirki ban tsaya ɗauka ba, na nufi kantin Turawa na bakin kogi. Akawun ya nuna mini kantoci wayam. Ya ce tun da aka fara yaƙin basasar nan jiragen ruwa ba sa haurowa Binuwai, bana ma ruwa ya cika ya batse amma ko hayaƙin jirgi ba a gani ba. Na bi kantunan Kwarori, Larabawan nan, ɗaya bayan ɗaya, sai kifin gwangwani da ya yi tsatsa.

Sai na dawo na yi da kaina. Na surfa farin wake, na dafa shi luguf, na niƙa tumatir, na rufe ido na zuba sukari, Dada tana kallona kamar na taɓu. Na gasa burodi a kan garwashi na juye a kai, na kai mata a ɗan farantinta. Ta tashi zaune, Malam, da kanta ta tashi! Ta dubi farantin, ta juya burodin, ta dube ni, ta ce wannan ba na Baba ba ne. Ta koma ta kwanta.

Me na rage? Gishiri ne ko sukari? Ka tambayi matar nan abin da suke zubawa, ka rubuto mini da gaggawa. In kuma da hali, ka roƙi izini ka zo. Tsoro nake ji.

Matarka,
Talatu


Demsawo, Jimeta
Satumba, 1968

Maigida,

Ina gaisuwa. Allah ya sa kana lafiya.

Na ga amsarka. Ka ce sai an gama jarrabawa a Disamba, gwamnati ce ta tura ka, manyanku na hedikwata a Maiduguri ba za su yarda ba. Ka kuma cika mini rabin shafi da yadda ake haɗa romon tumatir. Wallahi da kana kusa da ka ji abin da ban taɓa gaya maka ba. Disamba! Ka san yadda wuyan hannunta ya koma kuwa?

Ba romon ba ne. Dada ce ta gano. Ta ga na sake dafawa an sake turewa, sai ta tambaye ni a wane kwano Hansai take karyawa lokacin da kana gida. Sai na tuna. Yarinyar nan tun da aka yaye ta ba ta taɓa karyawa a nata kwano ba. Kai za a kai wa naka a zaure, ita tana tsugune a bakin ƙofa, ka ci ka gutsiri na ƙarshe ka tura mata ragowar. Ranar da ka tafi muka wanke kwanon muka kife a saman kabad, tunda ba a ci a kwanon maigida in ba ya nan. Da tana da lafiya takan tsinci wannan ta tsinci wancan da rana, ban lura ba. Da ciwo ya kayar da ita, sai ta kafe a kan abin da ta sani. Ragowarka take jira. Dada ta ce kai ma haka ka yi mata shekarar da mahaifinka ya tafi hajji.

Dada da kanta ta hau turmi ta sauko da kwanon, ita da ta hana kowa taɓa shi. Na zuba waken a kan burodi, na gutsiri gefe ɗaya, na dangwali romon yadda kake yi. Na ce da Hansai jirgin sama ne ya kawo daga Ingila, Baba ya ci ya rage mata. Allah ya yafe mini. Dada da ba ta ƙarya ta gyaɗa kai.

Ta ci, Malam. Kaɗan ne, amma ta ci, ta lashe yatsa. Washegari ta ƙara. Sista Keturah ta ce kumburin ya fara saɓewa, amma kada in kuskura a samu tsaiko, domin jikin ba shi da abin da zai sake jurewa da shi.

To ga inda nake. Kullum da safe sai in aika ta ɗakin Dada, in ɓuya a madafa in gutsiri burodi kamar ɓarauniya. Ta fara tambaya me ya sa jirgin yake kawo kwano ba ya kawo Baba. Jiya kuma ta daɗe tana juya burodin a hannunta tana duban wurin cizon, sannan ta ɗago ta zuba wa bakina ido. Ka san ina da wushirya, kai ba ka da ita. Yau da bakina a rufe na yi mata magana.

Ban san kwana nawa ƙaryar nan za ta kai mu ba, amma na san ba za ta kai Disamba ba. Ka je ka durƙusa wa duk wanda ake durƙusa wa. In sun ce aikin ne zai tafi, ya tafi, zan soya ƙosai a bakin tasha mu ci. Ka zo ka ci ka rage wa 'yarka, tun kafin ta gane haƙoran nawa ne.

Ni ce matarka,
Talatu